Hannun Bahago

"Kada ku ɗaga shi! Na ce kada wanda ya taɓa shi!"

Baba Siminti ne ke tahowa da gudu-gudu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana ture mutane da gwiwar hannu. Tsani na kwance a ƙetaren kwata, allon shagon aski na reto da ƙusa ɗaya, shi kuwa Bahago mai aski yana zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da bencin ƙarfen da masu jiran aski ke zama, ya rungume hannunsa na hagu a ƙirji kamar mai riƙe da jariri.

"Siminti," in ji shi, yana haki, "hannun ne. Na hagun."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni. Wa ya aike ka hawan tsani, tsofai-tsofai da kai?"

"Iska ce ta karkatar da allon."

"Sannu, sarkin gyara. Sake hannun in gani."

Wanda bai san shi ba, in ya ji ana cewa Baba Siminti sai ya ɗauka magini ne. Ko bulo ɗaya bai taɓa ɗorawa ba. Shekara talatin da biyu ya yi a babban asibiti, a ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda inda ake ja wa masu karaya ƙashi a naɗe musu farin siminti. Ya yi ritaya shekara shida ke nan, amma har gobe in yaro ya faɗo daga katanga ƙofarsa ake fara bugawa. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Bahago, kuma shekara ashirin da ɗoriya ba wanda ya taɓa sa masa almakashi a ka sai Bahago. A safiyar nan ma shi ne zai fara hawa kujera, takalminsa yake nema lokacin da ya ji ƙarar.

Ya durƙusa, ya zare hannun a hankali. Wuyan hannun ya lanƙwashe ya yi tudu ta baya, kamar cokali mai yatsu. Wata mata ta yi salati ta kau da kai. Baba Siminti ko gezau. Ya ɗora yatsu biyu a gindin babban yatsa, ya ji jini na bugawa, ya gyaɗa kai. Ya danna farce, ya yi fari, ya sake, jan ya dawo.

"A ba ni sabulu da ruwa. Zoben nan zai fita yanzu, kafin yatsan ya kumbura sai an yanka shi."

Gwaggo ce ta kawo, matar Bahago. Duk unguwar haka ake ce mata, har shi mijin. Ta fito ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, hannunta duk kumfar wanki. Baba Siminti ya murza zoben azurfar ya fita, ya jefa a aljihunsa ba tare da ya ma lura ba.

"Rufe idonka. Wane yatsa nake taɓawa?"

"Ƙaramin."

"Yanzu fa?"

"Ka taɓa ne?"

Babban yatsa ne, da manuni, da na tsakiya. Duka ukun sun mutu murus. A nan ne fuskar Baba Siminti ta sauya, don ya san ƙashin da ya goce ya danne jijiya, kuma jijiya ba ta da haƙuri. Mutumin nan da hagu yake riƙe almakashi, da hagu yake riƙe aska, hannunsa na dama ko maɓallin riga bai iya sakawa da kyau ba. In yatsun nan uku suka tafi, shagon ya tafi.

"Baban yara," Gwaggo ta ce, haka take kiran Baba Siminti, "da bencin nan fa ya bugu. Tun daga ciki na ji ƙarar ƙarfen. Gefensa ne ya daka."

"Gwaggo, wanda ya faɗo daga tsani ai ko'ina sai ya bugu. Bari mu ji da wanda ya karye tukuna. Kai, yago mini kwalin can! A kira maƙwabcinmu Direba ya fito da mota!"

Ya ninka kwali ya tallafe hannun daga gwiwa zuwa tafi, ya ɗaure da tsumma, ya ɗauki farin ƙyallen da Bahago ke yafa wa masu aski ya yi masa maratayi a wuya. Cikin minti goma suna mota. Aiki kam an yi shi tsaf, ba mai cewa ba a yi ba.

Sai dai sun iske sashen gaggawa ya cika ya batse. Wata motar fasinja ce ta kife da sassafe, an kwaso mutane, wasu a benci, wasu a ƙasa, ga jini ga kuka. A bakin ƙofa akwai tebur guda, wata 'yar siririyar nas na zaune da abin awon jini, duk wanda ya zo sai ya bi ta gabanta ta auna shi, ta tambaye shi, sannan ya jira likita ya duba shi daga sama har ƙasa. Baba Siminti ya ƙirga kawunan da ke layi, ya kai arba'in ya daina. Ya dubi yatsun Bahago, sun fara kumbura.

"In muka bi layin nan sai la'asar. Taso."

Wallahi ba wani abu ya ja shi ba sai ƙauna, da kuma ɗan abin nan da ke damun duk wanda ya daɗe a wuri, na ganin ya fi ƙofar gidan sanin gidan. Ya san wata 'yar hanya ta bayan ɗakin wanki da ke ɓullewa daidai ƙofar ɗakin siminti. Sun juya ke nan nas ɗin ta ɗago.

"Baba, ina za ku? Ku kawo shi in auna jininsa mana. Minti biyu ne."

"'Yata, karayar wuyan hannu ce, na gani da idona. Ina cikin asibitin nan tun ba a haife ki ba. Ji da waɗannan bayin Allah."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai wani ya kurma ihu daga ciki, aka ƙwala mata kira. Ta bi su da kallo sau ɗaya, ta tashi da gudu.

Dogo ne a ɗakin siminti yanzu, wanda Baba Siminti ya koya wa aiki tun bai iya jiƙa bandeji ba, ga shi yau har da furfura a gemu. Yana ganinsu ya miƙe.

"Maigida! Kai ne da kanka?"

"Ni ne. Wannan ɗan'uwana ne, kuma da hannun nan yake ci. Yatsu uku ba ya ji. A ɗauki hoto yanzu."

Kafin ka ce me, an ɗauki hoto. Dogo ya fita da shi, ya tare likitan ƙashi a baranda yana sauri zuwa wurin masu haɗari. Likitan ya ɗaga hoton sama ya duba a hasken taga, ya ce a ja a ɗaure, ya sa hannu a takarda, ya wuce. Hoton ya gani, mai hannun kam ko inuwarsa bai gani ba.

"A cire masa riga, Maigida?" Dogo ya tambaya.

"Ka ɗaga masa hannu sama a wannan halin? Haba Dogo, abin da na koya maka ke nan? Yanke hannun rigar."

"Sabuwa ce fa," in ji Bahago, da 'yar muryar da ta rage masa.

"Gwaggo za ta ɗinke. Yi shiru."

Aka yanke hannun rigar daga kafaɗa, sauran rigar ta zauna a jikinsa da maɓallanta a rufe. Aka yi masa allura a daidai karayar. Dogo ya riƙe gwiwar hannu ya ja baya, Baba Siminti ya kama tafin ya ja gaba, a hankali, a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi, har ya ji abin da yatsunsa ke jira. Ya danna da babban yatsa, ƙashin ya koma gurbinsa da wata 'yar ƙara. Bahago ya yi wani nishi, ya yi fari fat, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

"Jiri nake ji."

"Kowa ma haka yake yi. Kwanta kaɗan."

"A'a, bar ni a zaune. Kwanciyar ta fi ciwo."

Baba Siminti bai ji wannan ba, ko kuma ya ji bai ajiye ta ko'ina ba, don hankalinsa na kan auduga da bandeji. Ya naɗa, ya shafe, ya lallaɓa simintin da tafin hannu tun yana da ɗumi har ya ɗauki siffar hannun. Shekara shida rabonsa da wannan aiki, amma hannuwansa ba su manta komai ba. Da aka sake ɗaukar hoto, Dogo ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Kai, Maigida. Kamar bai taɓa karyewa ba."

"Rufe ido, Bahago. Wanne nake taɓawa?"

"Babban." Sai ya yi dariya, hawaye na zubo masa. "Babban ne, Siminti! Ina ji!"

Da suka fito ta ƙofar gaba, tun azahar ba ta yi ba, mutanen da suka tarar a layi suna nan inda suka bar su. Bahago ya dube su, ya dubi maƙwabcinsa.

"Allah Ya bar mu da masu sanin hanya."

Baba Siminti ya ji daɗin maganar nan har cikin ransa, ba zai ɓoye ba. Ya yi ta jin daɗinta har gida.

Da yamma, rana ta yi sanyi, ya leƙa. Ya tarar da Bahago a tsakar gida kan kujerar roba, an jera masa matashi biyu a cinya ya ɗora hannun, 'yan dubiya sun watse. Gwaggo na kwashe shanya.

"Motsa yatsun in gani. Madalla. Kana ɗaga shi sama da ƙirji kamar yadda na ce?"

"Ina yi. Hannun lafiya lau. Kafaɗar ce ta dame ni. Nan, can ƙololuwa."

Kafaɗa kuwa gonarsa ce. Kafaɗun da ya mayar gurbinsu a rayuwarsa ba za su ƙirgu ba. Ya tsaya a bayansa ya gwada ta hagu da ta dama, duka a cike suke, ba wadda ta faɗa. Ya bi ƙashin wuya da yatsa, ba tudu ba rami. Ya kama gwiwar hannun ya juya ciki, ya juya waje, ya ɗaga kaɗan.

"Nan da ciwo?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Babu. In ka taɓa ba ta ciwo. Daga ciki take ci."

"Ba ta goce ba, ba ta karye ba. Ƙullin maratayin nan ne ke danne maka wuya, ga nauyin siminti." Ya kwance ƙullin ya mayar da shi gefe. "Gobe za ka ji dama."

"Ya ƙi cin komai," Gwaggo ta ce daga bakin igiya. "Sai ruwa kawai yake ta ɗirka. Na ce a cire rigar nan in goge masa jiki, ya ce kada in taɓa shi."

"Ƙyale shi, Gwaggo, ya sha wuya yau. Gobe ma rana ce."

"Gashinka fa ya taru," in ji Bahago, yana kallon kansa da idon sana'a. "Dubi ƙeya kamar ta mahaukaci."

"Sati shida zan bar shi. Ba wanda zai taɓa shi sai an fasa simintin nan."

"Za ka zama dodo."

"In zama. Kai dai ka motsa yatsu."

Gari na wayewa, ko shayi bai kai bakinsa ba, Gwaggo ta buga ƙofa. Ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baban yara, zo ka gan shi. Bai kwanta ba sam, a zaune ya kwana. Yanzu ya tashi zai zaga, ya zube mini a bakin ƙofa."

Ya ɗauki tsohuwar jakarsa ya bi ta. Bahago na zaune a ƙasan ɗaki, ya jingina da gado, leɓɓansa sun bushe sun yi fari-fari, yana numfashi sama-sama. Butar ruwa na gefensa babu ko ɗigo.

"Siminti, ƙishirwa."

Me Baba Siminti zai fara dubawa in ba hannu ba? Ya kama yatsun da suka leƙo daga bakin simintin. Sanyi ƙalau. Ya danna farce, fari ne tun kafin ya danna, ya sake, jan bai dawo ba. Abin da ya fi tsoro a duk shekarunsa na aiki ke nan, hannu ya kumbura a cikin siminti, simintin ya shaƙe shi, jini ya daina zuwa. Ya taɓa ganin yarinyar da aka yanke wa hannu a kan haka.

"Ya matse. Ni na matse shi. Riƙe masa ɗaya hannun, Gwaggo."

Ya zaro babban almakashin siminti daga jaka, ya cusa bakinsa ta gefen ƙaramin yatsa, ya dinga datsawa, farin gari na zuba a kan tabarma. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, da hannunsa ya tsaga shi gida biyu. Ya yanke audugar har fata, ya buɗe. Hannun bai wani kumbura ba. Ƙashin na nan a miƙe. Ya jira, ya murza yatsun, ya sake danna farcen.

Fari.

"Baban yara," Gwaggo ta ce a hankali, "wannan ma fa haka yake. Taɓa ka ji."

Hannun dama take nufi, wanda ke cikin tafinta, wanda ba abin da ya same shi. Baba Siminti ya miƙa hannu ya karɓa. Sanyi ɗaya. Ya danna farce, fari ɗaya. Ya nemi bugun jini a wuyan hannun, da ƙyar ya same shi, siriri, yana gudu kamar na ɗan tsuntsu. Ya ja fatar idon Bahago ƙasa, babu ja ko kaɗan.

Sai a lokacin ya kai hannu ga maɓallan rigar. Bai tsaya ɓalle su ba, ya fizge su suka watse a ɗaki. A gefen hagu, kan haƙarƙarin ƙasa, ga shatin bakin benci nan ya kwanta baƙi ƙirin, tsawon tafin hannu. Cikin ya taso ya yi tauri kamar ganga. Ya ɗan taɓa, Bahago ya yi wata ƙara da bai yi irinta ba ko lokacin da ake jan ƙashi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba Siminti. "Direba! Gwaggo, kira Direba!"

A mota ya ɗora kan Bahago a cinyarsa, ya sa Gwaggo ta ɗaga masa ƙafafu. Hannun da ya karye yana kwance a kan kwali kamar jiya, sun baro simintin a ɗaki. Direba na ta danna oda, kasuwa ta fara ci, masu kaya sun cika titi.

"Ka fasa shi?" Bahago ya tambaya, idonsa a rufe.

"Zan yi maka wani."

"Kash. Ya yi kyau fa."

"Yi shiru, ka adana numfashinka."

"Yatsun suna ji har yanzu. Ka gani?" Ya motsa babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, ya haɗa su ya buɗe kamar mai riƙe da almakashi. "Ka iya aiki, Siminti."

Baba Siminti ya juya fuska wajen taga. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Wannan karon ta ƙofar gaba suka shiga. Yau ba layi, mutum biyar ne kacal a benci. Nas ɗin jiya ce a teburin. Ta dube shi, ta dubi wanda suka ɗauko, ta gane su sarai. Ta naɗa abin awo a damtsen dama, ta matsa, ta saurara, ta sake matsawa, sai ta miƙe har kujerarta ta faɗi.

"Likita! A kawo gado! Likita!"

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Kafin gadon ya tsaya ta sa almakashi ta raba rigar gida biyu ta yar. Ta ga shatin, ta ɗora tafi a cikin, ta ce a sa ruwa ta hannu da ƙafa, a nemo jini, a gaya wa ɗakin tiyata. Tana yi tana tambaya, ba ta ɗago ba.

"Yaushe ya faɗi?"

"Jiya da safe."

"Jiya? Me ya hana ku kawo shi?"

"Mun kawo shi."

"Nan? Ina katinsa? Wa ya duba shi?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Nas ɗin ta ci gaba da neman jijiya kamar ba ta ji ba.

"Ni ne," in ji Baba Siminti. "Ni na duba shi."

Sai a lokacin ta ɗago ta kalle shi, kallo ɗaya.

"Ya yi kukan kafaɗa?"

"Ta hagu. Na duba, ba ta goce ba."

"Ba kafaɗar ba ce, Baba. Saifarsa ce ta fashe. Tun jiya jini ke zuba a cikinsa, in ya taru ya taɓo sama sai mutum ya ji a kafaɗa. Ku ba mu wuri."

Ya naɗe hannun rigarsa ya bi gadon yana cewa a ɗebi nasa jinin, a ɗebi duk yadda ake so. Wani ma'aikaci ya tare shi da ladabi ya ce shekarunsa sun wuce. Ƙofar mai murfi biyu ta rufe, ya tsaya yana kallonta da hannun riga a naɗe.

Suka zauna a benci, shi a wannan ƙarshe, Gwaggo a wancan. Dogo ya ji labari ya zo, ya tsaya a gefe da farin gari a hannuwansa, sannan ya koma. Shekara talatin da biyu, Baba Siminti ke ta juyawa a ransa. Duk wanda ya taɓa shigowa ɗakinsa, sai da ya bi ta teburin can tukuna, wani ya auna shi, wani ya kwantar da shi ya latsa cikinsa, ya saurari ƙirjinsa, sannan a turo masa hannu da 'yar takarda. Shi hannu kawai ake kawo masa. Bai taɓa tambayar kansa me ake yi a teburin ba, ya ɗauka ɓata lokaci ne da rubuce-rubuce.

Ba a yi awa ɗaya ba likitar ta fito. Ta cire hular kanta tun daga nesa, kuma duk wanda ya yi aikin asibiti ya san wannan tafiyar. Ta durƙusa a gaban Gwaggo.

"Mama, sai haƙuri. Mun buɗe, amma jinin da ya zuba ya yi yawa. Zuciyar ta tsaya, mun yi ta yi, ba ta dawo ba."

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka dinga rawa. Baba Siminti ya bi likitar har bakin ƙofa.

"'Yata, don Allah tsaya. Da an auna shi jiya, da an gani?"

Ta gaji, kuma ba ta son ta yi masa ƙarya.

"Ban sani ba, Baba. Wani lokaci awon farko ba ya nuna komai." Ta ninke hular a hannunta. "Amma da na ɗaga rigar."

Aka yi abin da ake yi, aka kai Bahago makwancinsa kafin rana ta faɗi. Ba wanda ya zargi Baba Siminti. Abin da ya fi ci masa rai ma, mutane har gode masa suke yi, suna cewa ya yi ƙoƙari, ya tsaya wa maƙwabcinsa tun daga farko har ƙarshe, irinsa ake so a unguwa. Shi dai da ka kawai yake amsawa.

Sai bayan kwana tara, da matarsa za ta wanke rigar da ya sa ranar, ta ji wani abu a aljihu. Zoben azurfa ne, har da busasshen sabulu a cikinsa. Ya daɗe yana juya shi a tafi kafin ya iya taka ƙofar da ke jikin tasa.

Baƙi sun ragu. Gwaggo na zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, idanun sun faɗa. Ya gaishe ta daga tsaye, ya miƙa zoben. Ta karɓa ta duba, ta ƙulle a bakin mayafi.

"Gwaggo," ya ce, "kin faɗa mini. Tun a bakin shago kin ce da bencin ya bugu."

"Na faɗa."

Ya jira ta ƙara wani abu, ko zagi, ko yafiya, ko ma mene ne. Ba ta ƙara ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu a naɗe cikin farin ƙyallen aski.

"Ɗauke wannan, Baban yara. Na kasa zubarwa, na kuma kasa kallonsa."

Bai shiga gida da shi ba. Ya fito waje ya zauna a kan bencin ƙarfen, a gaban shagon da ke rufe da kwaɗo. Hantsi ya yi, yara sun tafi makaranta, titin ba kowa sai wata akuya da ke cin kwali a bakin kwata. Wani mutum ya taho da ɗansa a hannu, ya ga kwaɗon, ya dubi Baba Siminti da gashinsa da ya taru har ƙeya, ya juya ba tare da ya tambaya ba.

Ya kwance ƙyallen a cinyarsa. Ɓari biyu ne na simintin, audugar na manne a ciki da 'yan gasun hannu a jikinta. Ya haɗa su, bakin ya zauna daidai da baki, ga gurbin babban yatsa, ga wuyan hannun a miƙe sambal. Ya riƙe su a haka da hannu biyu don kada su rabu. A saman kansa allon shagon na ta reto a kan ƙusarsa ɗaya.